Kwamfutar da Sharhabil Ya Haɗa

Yammacin ranar bai zo da wata alama ba. An yi yayyafi bayan la'asar ya ɗauke, ƙasar Unguwar Sarki ta tashi da ƙamshinta, masu ƙosai na bakin titi sun fara hura wuta. A gidan Alhaji Datti, ma'aikacin gwamnati da ya kusa ajiye aiki, matarsa Hansai tana kicin tana tuƙa tuwo, shi kuma yana tsugune a tsakar gida yana alwala. 'Yarsu Bara'atu tana ɗakin yayanta, zaune gaban kwamfutarsa, tana kallonsa yana magana yana dariya. Shi yayan nata, Sharhabil, ya kusa shekara a ƙasa.

Ladan ya buɗe baki ke nan a masallacin layi sai sikirin ya yi baƙi ƙirin. Ba wuta aka ɗauke ba, don ƙwan lantarkin ɗakin yana ci. Fankokin cikin akwatin suna ta juyawa, shuɗiyar fitilar da ke bayan gilashin gefensa tana nan yadda take, amma hoto ya tafi, murya ta tafi. Bara'atu ta motsa linzamin kwamfutar, ta daddanna madannai, shiru. Ta daɗe tana kallon fuskarta a cikin baƙin gilashin. Ba ta ji tsoro ba, ba ta ma ji komai ba, don a gidan nan an daɗe da daina jin abubuwa. Ta danne maɓallin har akwatin ya mutu, ta tashi ta je ta yi salla.

Kwamfutar ba a haɗe aka sayo ta ba. Sharhabil ne ya tara kayanta ɗaya bayan ɗaya, wannan daga kasuwa, wancan saƙo daga Legas, wani daga hannun aboki, sannan ya baje su a kan tabarma ya zauna da sukundireba ya haɗa abinsa, saboda aikin gyaran bidiyon biki da yake yi. Yana haɗawa yana ɗaukar kansa a waya yana bayani da Hausa, wai don na baya su koya. Mutum ne mai surutu, ko ƙusa yake ɗaurewa sai ya yi mata magana. Wata Asabar ya tafi Zariya ɗaukar biki, a hanyar dawowa, kusa da Rigachikun, tayar motarsu ta fashe. Da daddare aka kawo shi, da safe aka kai shi.

Hansai ba ta yi kuka ba, har mata suka riƙa yaba tawakkalinta. Waɗanda suka san ta sun san ba tawakkali ne kaɗai ba. Shi ne ɗanta na fari, ita kuwa 'yar ƙauyen Katsina ce, goyon kaka, ta riƙe kunyar ɗan fari yadda ta tarar ana riƙewa har ta zarce. Tun ranar suna ba ta taɓa furta sunansa ba. "Yaron nan" take cewa, ko "yayanki". In ya kira ta ba ta amsawa, sai dai ta kau da kai ta ce wa Bara'atu, "Ji abin da yake so." Shi kuwa ya mai da abin wasa, ya riƙa bin ta har kicin yana "Umma, Umma" don dai ya ga tana danne murmushi. Ta ɗauka akwai lokaci, wata rana in ya yi aure ya haihu za ta saki jiki da shi ta hanyar 'ya'yansa, kamar yadda uwarta ta yi da babban yayansu.

Da 'yan zaman makoki suka watse ta rufe ɗakinsa da kwaɗo. Alhaji Datti ya yi maganar a fito da kayan a raba, tufafin a yi sadaka da su, ta ce a bari tukuna. Bai sake tayar da zancen ba. Alhaji mutum ne da ya ƙare ƙuruciyarsa a ofis yana jiran na sama su sa hannu, jira bai taɓa damunsa ba. Ɗaki ya zauna a rufe, rani ya wuce, damina ta zo ta yi ɓarnarta a bakin kogi, ba mai shiga, ba mai shara, ba mai karanta ko Fatiha a ciki. Bara'atu ce ta buɗe shi bayan ta gama makaranta ta dawo gida zaman jiran bautar ƙasa. Ta ce wa uwarta so take ta ga fuskarsa, uwar ta miƙa mata makulli ba tare da ta dube ta ba. Da ta tura ƙofar ba ta yi sallama ba, don a ganinta ba wanda za ta yi wa.

Tun daga yammacin nan sikirin ya kama yin baƙi, kuma abin ba shi da lokaci. Wata rana tana kunnawa zai ɗauke. Wata rana ya wuni lafiya, har ta fara cewa ya warke, sai ya tafi tana tsakiyar kallo. Ta kwafe bidiyon haɗa kwamfutar a wayarta, ta jingina wayar da bango, ta mai da mamaci malaminta.

"In sikirinka ya yi baƙi kada ka rikice," in ji Sharhabil a cikin wayar, yana nuna ta da sukundireba. "Abu ɗaya za ka taɓa, ka jira ka gani. In ka canja biyu tare ba za ka taɓa sanin wane ne ɓarawon ba."

Haka ta yi. Ta canja wayar da ke kai hoto, ta jira, ya yi baƙi. Ta ciccibo talabijin ɗin falo ta jona, shi ma ya yi baƙi. Ta zare siraran katunan nan da ake kira ram, ta goge bakinsu da kilinar fensir kamar yadda ya nuna, ta mayar da ɗaya ta bar ɗaya, sannan ta musanya su. Ta hure ƙurar fankoki. Ta goge busasshen man da ke hana zuciyar kwamfutar zafi ta shafa sabo. Ta sa sitabilaiza, ta ari akwatin wuta a wajen abokin marigayin, ta cire babban katin da ke fitar da hoto ta bar kwamfutar da na jikinta. Kowane ɗaya ta yi masa uzuri, ta ba shi kwanaki, kowane ɗaya ya wanke kansa.

Da ta rasa yadda za ta yi ta naɗe akwatin a zani ta sa a keke ta kai wa Habibu, mai gyara a kasuwa, wanda Sharhabil ke sayen kaya a wajensa. Habibu ya kunna ta tun hantsi, ya ɗora mata aiki mai nauyi, ya bar ta tana huci har aka fara rufe shaguna. Ko ƙiftawa ba ta yi ba.

"Ƙanwata, wannan ai ta fi ni lafiya," in ji shi. "Allah ya jiƙan mai ita, ya iya aiki. Ki sa a duba wutar gidanku."

Aka kira mai gyaran wuta ya bi soket ɗin ɗakin da na gidan duka, ya ce bai ga komai ba. A daren da ta dawo da akwatin, tana jona shi ya yi baƙi. Gaskiyar da Bara'atu ba ta faɗa wa kowa ba ita ce daɗin matsalar take ji. Muddin akwai abin da bai gyaru ba, tana da dalilin wuni a ɗakin, tana da wanda ke ce mata yi kaza, bar kaza. Ranar da kwamfutar ta warke ba ta san inda za ta sa kanta ba.

Sannu a hankali abin ya zaɓi lokacinsa, ya koma goshin magariba. Wata Laraba, Alhaji ya fita masallaci, gari ya yi jajir sannan ya fara toka-toka, sikirin ya ɗauke kamar kullum. Bara'atu ta kai hannu za ta kashe sai ta ji sifikun suna numfashi. Ba ƙarar waya ba ce, ta san ƙarar waya. Numfashi ne na mutumin da ya hau tudu. Sannan a hankali, da ɗan jan nan na tsokana, murya ta fito.

"Umma."

Ba bidiyon da take kallo ba ne, don a wurin yana maganar fanka ne. Hansai tana wucewa ta bakin ƙofar da kwanon tuwo a hannu. Kowa ya san ba a amsa kira da magariba sai an ga mai kiran. Ita kanta Hansai ta koya wa 'ya'yanta haka, har da murɗe kunne. Ta tsaya, ta sunkuya ta ajiye kwanon a ƙasa a hankali kamar mai gudun tada barci.

"Na'am," in ji Hansai.

Daga ranar ta sami wurin zama. Da Alhaji ya sa ƙafa waje za ta jawo kujerar tsugunno ta zauna a dokin ƙofar, ta fuskanci baƙin gilashin. Muryar ba ta faɗin wani abin kirki. "Umma, an gama tuwon?" "Umma, yau na gaji." Ita kuma ta amsa, ta ce an gama, ta ce sannu, ta ce Allah ya yi albarka, duk amsoshin da ta tara shekara da shekaru ba ta bayar ba. Bara'atu ta taɓa miƙa mata waya ta ce ga shi nan na gaskiya, ta kalla. Hansai ta kalla kaɗan ta mayar mata. Na cikin wayar magana kawai yake yi, ba ya jiran a amsa masa.

Bara'atu ta san mamaci ba ya dawowa, kuma ba ta da wata hanya sai wadda aka koya mata. Ta cire intanet, murya ta zo. Ta zare faifan da duk bidiyoyin ke ciki ta sa shi a ƙarƙashin matashinta a wani ɗakin, murya ta zo. Kwamfutar da ba ta da abin tunawa ko guda tana tambayar uwarta ko an gama tuwo. A nan ne ya kamata ta gaya wa mahaifinta, amma ta ga uwarta ta fara cin abinci, har ta yi lalle, sai bakinta ya yi nauyi. Ta ce bari ta gwada abu na ƙarshe. Da hantsi ta fizge wayar sifikun, ta shimfiɗa tabarma, ta kwance kwamfutar gaba ɗaya, ƙusa bayan ƙusa, ta jera kayan yadda suke a farkon bidiyon kafin a haɗa su. Akwatin ya tsaya fanko, ana hango bango ta cikinsa.

Hansai ta zo da kujerarta da yamma ta tarar da haka.

"Me kika yi?"

"Gyara nake, Umma."

"Wa ya ce miki ya lalace?"

Ba ta jira amsa ba ta juya. Ladan yana fara kira dutse na farko ya sauka a kan kwanon ɗakin. Na biyu ya biyo, sannan suka zubo kamar ƙanƙara. Maƙwabta suka fito da tocila, samari suka hau katanga, suka zagaya bayan gida, ba kowa. Alhaji ya dawo daga masallaci ya tsaya a tsakar gida, dutse ya faɗo gab da ƙafarsa ya gangara ya tsaya. Ya ɗauka ya jujjuya. Sumul yake, irin na bakin kogi, kuma a jiƙe, alhali ranar ba a yi ruwa ba. Ya ce yaran unguwa ne, gobe zai yi wa mai unguwa magana, ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa.

Washegari da magariba ba a yi jifa ba. Bara'atu tana zaune a kan tabarma a tsakiyar kayan, tana tunanin ta inda za ta fara mayarwa, sai ta ji wani sanyi ya kama babban yatsan ƙafarta yana hawa. Kanta ya yi nauyi ya faɗo kan ƙirjinta. Da ya ɗago, idanun nata ne amma ba ita ke kallo ta cikinsu ba. Ta karkata kai gefe ɗaya, yadda yayanta ke yi.

"Umma," in ji bakin Bara'atu.

Hansai ta shigo ɗakin, karo na farko tun ranar da ta sa masa kwaɗo. Ta mayar da ƙofa ta rufe, ta durƙusa a gaban 'yarta, ta riƙe hannuwanta biyu.

"Sharhabil," ta ce. Sunan ya fito mata a karkace kamar kalmar wani yare.

Hansai ta gaya wa Alhaji zazzaɓi ne ke damun yarinyar, ya sayo magani. Da rana Bara'atu takan zauna inda aka ajiye ta, ta kalli bango, in an yi mata magana ta amsa bayan an manta da tambayar. Ba ta cin abinci sai da magariba, sannan ma ba abin da take so ba, dambun shinkafa da yaji mai yawa wanda ita a da ko ƙamshinsa ba ta so. Wuyanta ya zurma, awarwaronta ya fara zamewa har gwiwar hannu. Hansai tana gani. Ba muguwar uwa ba ce, kada a ɗauke ta haka. Kullum da asuba takan ce yau za ta faɗa wa Alhaji, kullum da la'asar takan ce a bar shi sai gobe.

Ruwan sama ne ya tona asirin. Ya kece daf da magariba, Alhaji ya kasa fita, ya shimfiɗa darduma a falo. Yana cikin tahiya ya ji dariyar ɗansa daga ɗakin da ke ƙarshen baranda, irin wadda yake yi har ya shaƙe. Ya sallame, ya je ya tsaya a bakin ƙofar, ya saurara har ya ji muryar matarsa tana cewa, "Kai dai ba ka girma." Rabon da ya ji ta yi magana da wannan muryar tun suna amarci. Bai buɗe ƙofar ba. Ya koma ya zauna a kan dardumar har aka yi isha, da gari ya waye ya tada mota ya nufi Rigachikun ɗauko Malam Ila mai ruƙiyya, ta hanyar da ya yi shekara yana kauce mata.

Malam Ila ba shi da kwarjinin da ake zato. Gajere ne, siriri, mai yawan tari, yana koyar da manya karatu a zaure bayan asuba. Bai zo da komai ba sai gorar ruwa da ɗan ƙullin garin magarya. Ya zauna a falo ya yi tambayoyinsa a hankali: tun yaushe ɗakin yake rufe, an yi karatu a ciki ko ba a yi ba, wa ya fara buɗewa. A ƙarshe ya ce, "Da aka yi kiran, akwai wanda ya amsa?" Ya dubi Hansai ta bayan labule, ya yi tari, bai sake tambaya ba.

Ya ja su sallar magariba a gida. Suna idarwa suka shiga ɗakin. Bara'atu tana kan tabarma, kanta ya riga ya faɗo. Malam ya sa Alhaji ya riƙe kafaɗunta, Hansai ta zauna a gefe, shi kuma ya durƙusa ya fara karatu a kunnen yarinyar, da murya ƙasa-ƙasa, ba gaggawa. An ɗauki lokaci ba abin da ya motsa sai labule. Can jikinta ya ɗauki kyarma, ƙananan ƙusoshin kwamfutar da ke cikin murfin kwalba suka fara tsalle suna ƙara. Ta banƙare har Alhaji ya kusa sakin ta.

"Umma, zafi! Umma, ki ce ya bari!"

Hansai ta yunƙura. Malam ya ɗaga hannu bai daina karatu ba, sai da ya kai ƙarshen aya.

"Hajiya, ɗanki yana inda Allah ya ajiye shi, ba ya jin zafin Alƙur'ani. Zauna." Ya juya ga yarinyar. "Kai kuma ajiye kayan aro. Yi min magana da muryarka."

Muryar da ta fito bayan haka ba ta mace ba ce, ba ta namiji ba, busasshiya, kamar ana jan buhu a kan siminti.

"Me na yi muku?"

"Daga ina kake?"

"Bakin kogi, ƙasan Rafin Guza. Ruwan bana ya ci mana wuri, kowa ya kama gabansa. Na zo na tarar da ɗaki a rufe, ba sallama, ba karatu, ga akwati mai duhu a ciki. Ban ƙwace wa kowa ba."

"To me ya haɗa ka da yarinya?"

"Ita ta kunna min wuta a ka. Zafi, iska, haske. In ya ishe ni in sa hannu in rufe. Ta yi ta tone ni kullum da ƙarfe, ban taɓa ta ba. Ta ɗauke min gida ta kai kasuwa, na jira ta dawo da shi. Da ta rushe shi ta cire min maƙogwaro, ina zan je?"

"Muryar mamaci fa, wa ya ba ka?"

"Na ji ta kullum, na iya. Wasa na yi sau ɗaya." Idanun Bara'atu suka juya wajen Hansai. "Sai aka amsa."

Malam ya ce ya fita. Aljanin ya ce a mayar masa da akwatin yadda yake, zai koma ciki, ba zai sake rufe hoto ba. Malam ya ce gidan da mutane ke salla a ciki ba wurin zamansa ba ne, kuma ruwan kogi ya janye tuni. Aljanin ya ce to a bar masa magariba kaɗai, daga kiranta zuwa kiran isha, sauran yini da dare na yarinyar ne, zai bar ta ta ci, ta yi ƙiba, ta yi aure ma in ta so. Malam ya buɗe gorar ruwan ya ci gaba da karatu. Muryar ta yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"Ƙona ni, Malam. In fita yau in dawo jibi. Ba kai ka buɗe min ba. Wadda ta amsa ita za ta sallame ni."

Malam Ila ya rufe gorar.

"Hajiya, maƙaryaci ne, amma a wannan ya faɗi gaskiya. Zan iya fitar da shi. In ƙofar tana buɗe ta wajenki, aikin banza na yi."

Kan Bara'atu ya karkata gefe ɗaya. Fuskar ta saki, bakin ya ɗan ja kamar mai shirin tsokana, muryar ta dawo sak, da ɗuminta da komai.

"Umma."

Sannan ya jira. Hansai ba ta amsa ba, kuma ba ta ce ya tafi ba. Ta zauna hannuwanta a kan cinya, tana kallon bakin da kiran ya fito. Ruwan indararo yana ɗiga a bokiti a waje. Wani mai keke ya wuce yana waƙa. Alhaji ya ce, "Hansai," a hankali, ba ta ji shi ba. Ladan ya kira isha, ya ja kiran yadda ya saba, ya kai ƙarshe, na masallacin gaba ya ɗauka shi ma ya gama, tana nan zaune. Abin da take so a fili yake a fuskarta, kowa a ɗakin ya gani, ba wanda ya iya duban ta sau biyu.

"Umma, ni ne fa."

Hannun Bara'atu ya zame daga riƙon mahaifinta ya faɗi a kan tabarma, tafin a sama, ƙasusuwan wuyan hannun a waje. Hansai ta dube shi. Sannan ta ja mayafinta, ta kau da kai wajen bango, kamar yadda ta yi masa duk tsawon rayuwarsa.

"Malam," ta ce, "ka ce masa ya tafi."

Aljanin bai yi gardama ba. Malam ya ɗauki alkawarinsa da sunan Allah cewa zai koma bakin kogi, ba zai sake kusantar gidan ba, ba zai sake ɗaukar muryar kowa ba. Ya amsa ɗaya bayan ɗaya da busasshiyar muryarsa. A ƙarshe ya ce, ba da kowa ba, "Ni ma ba a taɓa amsa min haka ba." Jikin yarinyar ya miƙe ya sandare, yatsan ƙafarta ya yi rawa, ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sake yi, ta sulale a jikin mahaifinta. Malam ya shafa mata ruwa a fuska. Ta buɗe ido ta ce tana jin ƙishirwa, da muryarta.

Da Malam zai tafi ya ce a buɗe tagogin ɗakin, a share, a karanta Baƙara, a fitar da kayan mamaci a ba masu buƙata. Ya ce kada su damu yarinyar da tambaya, galibi ba sa tuna komai, kamar barci ne. Aka yi duk yadda ya ce. Hansai da kanta ta ninke rigunan, ba ta yi kuka ba.

Bara'atu ta murmure a hankali. Da ta sami ƙarfi ta jingina waya da bango, ta yi bismilla, ta mayar da kwamfutar yadda take, ƙusa bayan ƙusa. Ta kunna ta wuni, ta kwana, ta yi sati, ba ta sake yin baƙi ba. Habibu ya tambaye ta me ta canja, ta ce ba komai.

Wata Juma'a da hantsi Hansai ta zaunar da ita a tsakar gida tana yi mata kitso, don gashin ya cukurkuɗe a kwanciyar. Ta yi layi biyu. A na uku hannunta ya tsaya.

"Bara'atu. Ranar da Malam ya zo, kina tuna wani abu?"

Tana tunawa. Ba barci ba ne. Tana ciki, a wani wuri mai duhu, ba hannu ba baki, tana jin komai kamar ta bayan bango. Ta ji sharaɗin da aka gindaya, ta ji an kira uwarta, ta jira. Ta ji ɗigar ruwa a bokiti, ta ji mai keke, ta ji kiran isha daga farkonsa har ƙarshensa, da na masallacin gaba. Ba ta jin haushi. Ta dai san tsawon shirun, kuma ta san ba za ta daina saninsa ba.

"A'a, Umma," ta ce. "Ban tuna komai ba."

Hansai ta sauke numfashi, ta laƙato mai ta shafa a tsagar. Ta ce ta sunkuyar da kai kaɗan, Bara'atu ta sunkuyar.